Tumatir Mai Ratsi a Tsakar Gidan Birnin Zazzau

Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris, ƙasar Zazzau ja take yi. Ka bi hanyar Hunƙuyi zuwa Danja, ko ka miƙa titin Kano ta Tashar Yari har Kwanar Gafan, abin da za ka gani ke nan: kwandunan tumatir jere a bakin titi, 'yan gwari na ciniki, 'yan dako na lodi, manyan motoci sun nufi kasuwar Mile 12 ta Legas. Wanda bai samu shiga mota ba a yanka shi, a shanya, ya zama kauɗa. Tumatirin da ke cikin kwandunan nan kusan duk kamarsa ɗaya: ja ne, dogo ko mai ɗan kusurwa, fata da kauri, ciki ba ruwa sosai. Yaranmu sun tashi suna zaton tumatir ba shi da wata kama sai wannan.

Alhali kuwa akwai dubban ire-irensa a duniya. Akwai ruwan ɗorawa, akwai mai duhun ƙasa-ƙasa, akwai wanda ko ya nuna kore yake zama, akwai kuma mai ratsi-ratsi daga wuya har gindi. Wannan na ƙarshen nake shukawa cikin buhuna a tsakar gidanmu da ke cikin ganuwa, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Ba zai maye gurbin na kasuwa ba, kuma ba don haka nake tallarsa ba. Abin da ya sa na damu da shi shi ne, duk wanda ya rene shi daga ƙwaya har ya cire irinsa da hannunsa ya koyi wani ilimi da ke neman kuɓuce mana, wato ilimin riƙe iri a gida.

An tsara shi ne don hanya

Tumatirin kasuwa da gangan aka ba shi kamarsa. Roma, wanda kowane mai lambu ya san sunansa, ma'aikatar gona ta Amurka ce ta fitar da shi a 1955 domin masu tumatirin gwangwani. UC82, wanda shi ma ya bazu a fadamunmu, daga Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis ya fito a shekarun 1970, inda tun kafin nan masana suka duƙufa neman tumatirin da inji zai girbe bai fashe ba. Abu uku ake so gare shi: ya nuna lokaci guda, ya yi tauri, ya jure jijjiga. Waɗannan halaye sun yi wa manominmu daidai, domin kwandon da za a ɗora wa wasu kwanduna, ya yi tafiyar sama da kilomita 800 cikin zafi, ba ya son kaya mai laushi. Nan Samaru ma, Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka kafa tushenta a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta yi shekaru tana gwada ire-iren tumatir don noman rani, tana duba yawan amfani da jure cuta da dacewa da masana'anta. Aiki ne mai albarka, da shi talaka ke samun jar miya a kan tuwonsa.

Sai dai ba a banza aka samu wannan taurin da kyan gani ba. Tsohon tumatir yakan yi kafaɗa mai duhun kore kafin ya nuna, masu fitar da iri kuwa suka daɗe suna zaɓen wanda ke nuna bai ɗaya, don ya fi jan ido a faifai. A 2012 wata masaniya mai suna Ann Powell da abokan aikinta a can Davis suka nuna cewa wannan duhun koren shi ke taimaka wa ɗan tumatir ya haɗa sukari daga hasken rana. Da aka kawar da shi, zaƙi ya ragu. A 2017 kuma Harry Klee na Jami'ar Florida da jama'arsa suka gwada iri kusan 400, suka ga na zamani sun yi asarar da yawa daga sinadaran da ke ba tumatir ƙanshi. Ashe tsofaffinmu da ke cewa tumatirin da ya fi na yanzu ƙanshi gaskiyarsu suke faɗa.

Mai lambun fadama dole ya bi abin da hanya ke so. Mai buhu goma a tsakar gida kuwa tafiyar tumatirinsa ba ta wuce daga gindin katanga zuwa madafa ba. Shi yana da damar zaɓen ɗanɗano.

Daga ina ratsin ya fito?

Duk baƙon da ya shigo gidanmu ya gan shi, tambaya biyu yake yi. Goggona ce ta fara yin ta farko: "Malam, anya wannan ba ciwo ya kama shi ba?" Matasa kuma, da ke bin muhawarar da ake yi a rediyo da waya, sukan tambaya ko irin nan ne da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji. Amsar duka biyun a'a ce. Ratsin gado ne da ke cikin jinin tumatirin kansa. Mu ma ai mun saba da shi a jikin yalo, farin nan mai koren zane da ake sayarwa a faifai a bakin masallaci. Yalo da gauta da tumatir dangi ne, kuma ba wanda ya taɓa cewa yalo mai zane ba shi da lafiya.

Halin ratsin mai ɓuya ne. In aka aura mai ratsi da maras ratsi, 'ya'yan farko duk ba su da shi, sai a jikoki yake sake bayyana, kusan ɗaya cikin huɗu. Bambanta shi da cuta kuma ba wuya. Ratsin gado a tsare yake, daga wuya zuwa gindi, a jikin kowane ɗa, ganye kuma lafiya lau. Na cuta dabbare-dabbare ne ko zobe-zobe, ganye ya ƙanƙance, shukar ta tsumbure.

Asalin tumatir yankin tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Ekwado, aka mai da shi amfanin gona a Meziko, ya shiga Turai a ƙarni na 16. Masu ratsin da suka yi suna a yau kuwa ba su daɗe haka ba. Green Zebra, wanda aka sa wa sunan jakin dawa, wani Ba'amurke mai suna Tom Wagner ne ya haɗa shi, ya fitar da shi a 1983. Kore ne ciki da waje, yana da ɗan tsami mai daɗi. Tigerella daga Ingila ya fito, ja ne mai ratsin ruwan ɗorawa, faɗinsa bai wuce santimita 5 ba, yana saurin nuna, yana kuma zuba 'ya'ya. Speckled Roman dogo ne irin ƙirar da muka saba da ita, ja mai zanen ruwan lemo, yana da tsoka. Akwai manya irin su Striped German, waɗanda ɗaya kan kai rabin kilo, amma a yanayinmu sun fi saurin fashewa da zubar da fure. Shawarata ga mai farawa ya tsaya kan matsakaita.

Abin da ya haɗa su duka shi ne, irinsu na dawowa yadda yake, shi ya sa nake kiransu irin gado. Ka shuka Tigerella, ka cire irinsa, baɗi Tigerella za ka samu. Masu sayar da irin kayan lambu ta intanet a cikin ƙasar nan kan kawo su a ƙananan fakiti. Wanda zai yi odar iri daga waje ya sani akwai izinin hukumar NAQS mai tantance tsirran da ke shigowa, kuma dokar tana da dalili, don ta cikin kayan shuka miyagun cututtuka ke ƙetare iyaka.

Hunturu ne lokacinsa

A Zariya wanda ya kuskure lokaci ya kuskure tumatir. Shuka ce mai son rana da ɗumi, dare da sanyi. In zafin rana ya haura digiri 35, ko dare ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin furen yakan lalace, furen ya bushe ya zube bai ɗaura ɗa ba. Abin da bazara ke yi mana ke nan a Maris da Afrilu. Damina kuma, da ruwanta na kusan milimita 1,000 wanda mafi yawansa ke sauka daga Yuli zuwa Satumba, tana kawo cututtukan ganye, tana fasa 'ya'ya. Shi ya sa tumatir ke tsada daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Masu ratsin nan ba su kai na kasuwa juriya ba, saboda haka kada a jarraba su a waɗannan lokuta tun da farko.

Ga yadda nake bi. A zuba iri a wurin reno daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ruwa na ɗaukewa. A yi dashe bayan mako huɗu. Fure zai zo cikin Disamba, a fara tsinka a Janairu, a ci gaba har zafi ya kankama. Tigerella kan fara nuna bayan wata biyu da dashe, Green Zebra kuma sai ya kai wata biyu da rabi.

Gidajenmu na cikin birni suna da wata fa'ida a nan. A hunturu rana kan karkata kudu, iska kuma daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka gindin katangar arewa ta tsakar gida, inda ke fuskantar kudu, shi ya fi samun rana, shi ne kuma katanga ta kare daga iska. In katangar ta ƙasa ce, takan riƙe ɗumin rana ta sake shi cikin dare, abin da ke taimakon fure a daren da sanyi ya tsananta. Kafin ka ajiye buhu, ka lura da wurin wuni guda. In bai samun rana ta awa shida ba, saboda inuwar mangwaro ko darbejiya ko benen maƙwabci, a nemi wani wurin.

Buhu, ƙasa da ruwa

Ganuwar Zazzau ta kewaye fili mai yawa, kuma a da akwai gonaki da lambuna a cikinta. Yanzu gini ya cinye mafi yawa, tsakar gida ma an shafe ta da siminti. Buhun taki ko na shinkafa mai kilo 50 ya wadatar da gindi ɗaya. A naɗe bakinsa, a huda shi ta ƙasa da gefe don ruwa ya fita, a cika kashi biyu cikin uku. Haɗin da nake yi shi ne kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na taki ruɓaɓɓe, kashi ɗaya na yashi ko buntun shinkafa. Kashin awaki da tumaki na turke ya fi sauƙin samu a birni, musamman bayan layya, amma sai ya yi watanni ya huce. Ɗanyen taki, balle kashin kaji, ƙone saiwa yake yi. Ƙasar tsohon kango tana da kyau. Ta juji kuwa a kiyaye ta, don akwai mataccen batir da ƙonanniyar leda a ciki, abin da za a ci kuma ake shukawa.

Reno a tsohuwar roba mai huji ake yinsa. A binne ƙwaya zurfin santimita ɗaya, a yayyafa ruwa, a ajiye inda rana ta safe ke samu. Cikin kwana biyar zuwa goma za ta tsiro. In ta yi ganye huɗu ko biyar, a dasa ta bayan la'asar, a binne karan har kusa da ganyen farko, domin duk inda ƙasa ta rufe a jikinsa saiwa yake fitarwa. A bar tazarar santimita 60 tsakanin buhu da buhu, iska ta riƙa ratsawa.

Ruwa shi ne abin da kowa a birnin nan zai fara tambaya, don mun san yadda rijiyoyi ke ja da baya da rani, mun san kuɗin 'yan ga-ruwa. Gindi ɗaya mai 'ya'ya yana shan lita biyu zuwa uku a rana, ke nan jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu goma. A gidanmu ruwan alwala da na wankin shinkafa da tsaba a bokiti ake tara su, su ke ɗauke rabin nauyin. Ruwan wanki mai omo da na kwata da na kududdufi ba su da wuri a nan. A zuba da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye. A rufe saman buhun da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe.

Abin da ya fi yawan ruwa muhimmanci shi ne daidaito. In aka bar buhu ya bushe ƙamas, sannan aka cika shi da ruwa, ɗan tumatir yakan kumbura da sauri fata ta tsage, irin gado kuwa fatarsa ba kauri. Wannan rashin daidaiton ne kuma ke kawo baƙin gindin nan da mutane ke zaton cuta ce: shukar ce ta kasa kai sinadarin kalsiyam ƙarshen ɗan saboda yankewar ruwa. Maganinsa ban ruwa a kan kari.

Sanda da fige reshe

Tumatirin fadama gajere ne, yakan tsaya da girma ya zuba 'ya'yansa gaba ɗaya. Masu ratsin nan kuwa ba sa tsayawa. Suna hawa suna fure, suna iya kai mita biyu. Dole a kafa musu sanda tun ranar dashe, gora ko reshen darbejiya, don in aka bari sai daga baya za a soke saiwa. A ɗaure da tsumma, sako-sako, kada a shaƙe karan.

Tsakanin kara da kowane ganye akwai ɗan tsiro da ke fitowa. In aka ƙyale su duka, shukar za ta cunkushe, ganye ya yi yawa, 'ya'ya su ƙanƙance. A bar kara ɗaya ko biyu, a riƙa fige sauran da yatsa tun suna ƙanana. A cire ganyen ƙasa da ke taɓa buhu. Furen tumatir kansa yake yi wa barbara, iska ce ko ƙwaro ke girgiza shi. A tsakar gidan da katanga ta tare iska, ɗan girgiza sandar da hantsi yana ƙara yawan ɗaurin 'ya'ya.

Bayan mako biyu da dashe, a ba kowane buhu cokali ɗaya na takin NPK 15-15-15, nesa da karan kaɗan, a sake in fure ya fara. Tafin hannu ɗaya na tokar murhu ma na taimakawa. A yi hankali da yuriya: tana ba da ganye kore shar mai ban sha'awa, amma 'ya'ya su yi ƙaranci.

Masu cin rabonsu

Abokan gaba na farko a cikin birni su ne akuya da kaza da ƙadangare. Shingen kara ko zana ya ishi biyun farko. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki, in aka yafa shi bisa sanduna, yana kare tsuntsu da ƙadangare da malam-buɗe-littafin dare.

Cikin na daren nan akwai wanda manoman ƙasar nan ba za su manta da shi ba, Tuta absoluta, wanda masu lambu ke kira sharon. Daga Kudancin Amurka ya fito, aka gan shi a Sifen a 2006, ya ratso Afirka har ya iso mu. A Mayun 2016 sai da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin Dangote na Kadawa da aka buɗe a Maris ɗin shekarar ya tsaya da aiki don rashin kaya, tumatir ya gagari talaka. Mace ɗaya na iya yin ƙwai sama da 200, tsutsar kuma cikin ganye take shiga ta yi rami, inda feshi ba ya saurin kai mata. Mai buhu goma yana da abin da mai eka goma ba shi da shi: yana iya duba kowane ganye. Duk wanda ka ga ya yi farin tabo mai sheƙi da ɗan baƙin gari a ciki, ka cire shi ka jefa a wuta. Ga feshi, a daka ƙwallon 'ya'yan darbejiya gram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma sau ɗaya a mako, har ƙarƙashin ganye. Yana rage ƙananan fararen ƙudan nan ma da ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Gindin da cutar ta riga ta kama ba ya warkewa, a tuge shi tun bai shafa wa sauran ba. Maganin ƙwari na kanti kuwa, a gidan da yara ke rarrafe, kaji ke kiwo, kada a taɓa shi sai da shawarar malamin gona.

Akwai kuma abokan gaba na cikin ƙasa. Haruffan VF da ke bin sunan Roma alama ce ta cewa yana jure wasu cututtuka biyu masu sa shuka ta yi yaushi. Irin gado mafi yawa ba su da wannan kariya, haka ba sa jure tsutsar nan da ido ba ya gani mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Buhu ya sauƙaƙa wannan: a sauya ƙasa kowace shekara, ko a jiƙa ta a rufe da farar leda a ranar bazara na mako shida, zafi ya kashe abin da ke ciki. Kada a sa tumatir a ƙasar da aka cire tattasai ko attaruhu ko yalo, cutarsu ɗaya.

Nuna da ci

Mai ja ba ya ɓoye nunarsa. Green Zebra ne ke rikita mutane. Alamarsa biyu: hasken koren da ke tsakanin ratsin yakan juya ruwan ɗorawa, gindinsa kuma ya ɗan yi laushi in an taɓa. A tsinke shi da ɗan wuyansa, a ajiye a inuwa. Firji na kashe masa ƙanshi.

Wurin ci, kowanne da inda ya dace. Koren ba na jar miya ba ne, zai ba ta launin da ba wanda zai yi marmari, ga ruwa. Ɗanye ake cinsa. A yanka shi kan ɗanwake ko garau-garau, ko cikin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko gefen tsire da albasa. Ɗan tsaminsa na yanke maiƙo, har ba a bukatar lemun tsami. Tigerella na shiga ko'ina. Speckled Roman, da yake yana da tsoka, yana yin dage-dage mai kauri, yana kuma yin kauɗa.

Cire iri

Nan ne zuciyar maganar. Irin haɗi da ake sayarwa a gwangwani da fakiti, mai alamar F1, yana ba da amfani mai yawa, amma in ka cire irinsa ka shuka, 'ya'yan rarrabuwa suke yi, wani dogo wani gajere, wani mai kyau wani ba kyau. Dole kowace shekara a koma kanti. Irin gado kuwa sau ɗaya ake nemansa.

A zaɓi 'ya'ya daga gindin da ya fi lafiya da daɗi, daga tsinkar farko ko ta biyu, kuma daga gindi fiye da ɗaya. Kada a jira ragowar ƙarshen kaka, don abin da ka zaɓa shi zai dawo maka. A bar su su nuna sosai, a matse ƙwayoyin da ruwansu cikin kofi, a rufe da ƙyalle, a ajiye a inuwa kwana biyu zuwa uku. Zai yi tsami, farar kumfa ta taso. Wannan tsamin ke narkar da yauƙin da ke hana ƙwaya tsiro, yana kuma rage wasu cututtukan da ke bin iri. A ƙara ruwa a motsa: ƙwaya mai kyau za ta nutse, marar kyau ta taso a zubar. A wanke, a baza a faranti a inuwa har mako guda. Iskar hunturu ta iya wannan aiki. A zuba a takarda, a rubuta suna da shekara, a sa a kwalba mai murfi da ɗan toka a ƙasanta, a ajiye a ɗaki mai sanyi, nesa da zafin kwano. Irin da aka adana haka yakan kai shekara huɗu yana tsiro. Da yake tumatir kansa yake yi wa barbara, ba ya yawan gauraya, amma in kana da iri biyu ka raba su da 'yan mitoci.

Akwai wata riba da ba a gani sai an daɗe. Duk shekarar da ka zaɓi gindin da ya fi jure zafinmu da ƙasarmu, kana matsar da irin kusa da yanayin Zariya. Haka kakanninmu suka yi da dawa da gero da wake har suka zama namu.

Namu na gida fa?

Tun da na fara wannan aiki tambaya ɗaya ke damuna. Ina tumatirin da muka sani muna yara, mai faɗi, mai tsaga-tsaga, mai ruwa da tsami, wanda guda biyu ke ɗaga tukunyar miya? Ina ƙananan nan da ke tsirowa da kansu a bakin makwarari, su yi ta 'ya'ya cikin damina ba feshi ba taki? Har yau ana jin sunan Ɗan Zariya cikin ire-iren tumatir na gida, amma mu 'yan Zariyar, mutum nawa ne cikinmu ke da ƙwayarsa a kwalba? Waɗannan su ne irin gadonmu. Sun daɗe suna fama da zafinmu da cututtukanmu, abin da Green Zebra bai taɓa yi ba.

A Amurka ma sai da abin ya kusa ɓacewa. A 1975 wasu ma'aurata, Kent Whealy da Diane Ott Whealy, suka kafa ƙungiyar musayar iri ta Seed Savers Exchange, da iri biyu kacal da kakan matar ya ba su, waɗanda iyayensa suka zo da su daga Jamus. Ɗaya cikinsu tumatir ne. Yau ƙungiyar na riƙe da iri sama da 20,000 a jihar Iowa, kuma masu lambun bayan gida ne suka tara mafi yawansu. Mu ma muna da rumbun adana iri na ƙasa, NACGRAB, da aka kafa a Ibadan a 1987, ga masana a Samaru, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Babban Dodo da ke cikin birni. Amma rumbu ba ya adana abin da ba a kai masa ba, kuma irin da ke hannun tsohuwa ɗaya yana iya tafiya tare da ita.

Saboda haka ga roƙona ga mai karatu. Kafin Satumba ta ƙare, ka tanadi buhunanka. Ka nemi mai ratsi, don zai ja hankalin yara, ya koya musu reno da dashe da cire iri. Amma rabin buhunan ka bar wa na gida. Ka je wurin tsofaffin masu lambu a bakin kogunan Kubanni da Galma, ka gaishe su, ka ce, "Baba, ko akwai sauran tsohon irin nan?" Ka tambayi Inna da Goggo abin da suka ƙulle a tsumma. In ka samu, ka rubuta sunan da suke kiransa, da unguwa ko ƙauyen da ya fito, da shekara. In ya yi, ka raba wa maƙwabta uku, ka kai wa makarantar unguwa, ka aika wa masana kaɗan. Ranar da wata sabuwar cuta za ta sauka a fadama, ko zafi ya ƙaru har irin kanti ya kasa, cikin irin waɗannan ƙwayoyi masu fitar da iri za su nemi juriyar da za su aura wa tumatirin kasuwa. Ko za su samu ko ba za su samu ba, ya danganta da abin da muka ajiye a gidajenmu bana.